Yadda marubuci zai gina taurarin labarin gidan da ɗansu ke son jinsinsa

Sai da na wuce shafi ɗari a rubutun farko na irin wannan labari kafin na gane cewa mutum ɗaya kaɗai na rubuta. Saurayin yana da rai, yana tsoro, yana dariya, yana ƙarya. Uwarsa kuwa bango ce da na gina don ya riƙa karo da ita. Na ba wata da na amince da idonta ta karanta, da ta gama sai ta ce mini: "Matar nan kamar ba ita ta haife shi ba." Maganar ta yi mini zafi domin gaskiya ce. Daga ranar na sake lale, kuma abin da ke tafe shi ne hanyar da na bi, mataki bayan mataki.

Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, a labarin iyali sirrin mutum ɗaya na kowa ne. Ranar da aka san ɗan gidan yana son namiji, uwa ta shiga wani hali, uba ya shiga nasa, yayye da ƙanne kowa ya ɗauki kasonsa. Idan ka gina tauraro ɗaya ka bar sauran a matsayin inuwa, ka rubuta ƙara ne kawai, kuma mai karatu zai gaji da ƙarar tun kafin tsakiyar littafi.

Fara da mutumin, ka ajiye wanda yake so a gefe

Ɗauki takarda ka cika shafi biyu a kan babban tauraronka ba tare da ka ambaci soyayyarsa ko sau ɗaya ba. Wane aiki yake yi, kuma yana jin daɗinsa? Wa yake bin sa bashi? Idan ya fusata, ɗaga murya yake yi ko ɗauke wuta? Me yake yi da hannuwansa idan yana ƙarya? Wane abu ya iya wanda ba wanda ya iya a gidan? Idan ka kasa cika shafin nan biyu, ba ka san shi ba tukuna, kuma bai kamata ka fara babi na ɗaya ba.

Marubucin Ingila E. M. Forster, a laccocinsa kan ƙagaggen labari da aka buga a 1927, ya raba taurari gida biyu: mai fuska ɗaya, wanda za ka iya taƙaita shi da jimla guda, da mai fuskoki da yawa. Ma'aunin da ya bayar yana da sauƙi. Tauraro cikakke shi ne wanda zai ba ka mamaki, kuma ka yarda cewa lalle zai iya yin abin da ya yi. A irin labarin da muke magana a kai, hanyoyin mayar da mutum mai fuska ɗaya guda uku ne. Wani ya mayar da shi abin dariya, wani ya mayar da shi shaiɗan, wani kuma, saboda tausayi, ya mayar da shi waliyyin da bai taɓa cutar da kowa ba. Na ukun ya fi yaudarar marubuci mai kyakkyawar niyya. Mutumin da ya shekara goma yana ɓoye kansa ya ƙware a ƙarya, kuma ƙwarewar ba ta tsayawa a wuri ɗaya. Zai iya yi wa ƙanwarsa ƙarya a kan kuɗi da santsin bakin da ya koya wajen ɓoye zuciyarsa. Ka ba shi aibi na gaskiya, wanda zai sa wani a gidan ya yi fushi da shi a kan haƙƙi.

Ka kafa shekara da ƙasa

Tsoron mutane yana da tarihi, don haka sai ka san yaushe kuma a ina labarinka ke faruwa. A Ingila da Wales, saduwa tsakanin maza laifi ce a doka har 1967, lokacin da aka sassauta ga waɗanda suka kai shekara 21. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire son jinsi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa sai 1990. Holan ce ƙasar farko da ta halatta auren jinsi, a 2001, alhali har yau ƙasashe fiye da 60 suna hukunta saduwa tsakanin masu jinsi ɗaya. Ɗan da ya buɗe baki ya yi magana a ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe yana iya rasa 'yancinsa, wani a wata ƙasar abin da zai rasa bai wuce gaisuwar mahaifinsa ba, ko da yake wannan ma ba ƙarami ba ne.

Rubuta shekarar haihuwar kowa a gidan, sannan ka lissafa shekarunsa a lokacin manyan abubuwan da suka faru. An fara ba da rahoton ƙanjamau a 1981, magungunan da suka mayar da shi ciwon da ake rayuwa da shi ba su zo ba sai wajen 1996. Uban da ya yi samartakarsa a tsakanin shekarun nan, idan ɗansa ya gaya masa, abin da zai fara faɗo masa a rai mutuwa ce, ko da bai furta ba. Ƙanwar da aka haifa a 2005 wani abu daban za ta ji. Lissafi ne na minti goma, amma yana raba muryoyin gidan tun kafin su fara magana.

Zana gidan, sannan ka rubuta wa ya san me

Wannan ne matakin da na fi daɗewa a kai, kuma shi ya fi biyana.

Masu sasanta iyali a fannin nazarin halayyar ɗan'adam suna da wani zane da suke yi na zuri'a hawa uku: kakanni, iyaye, 'ya'ya. Monica McGoldrick da Randy Gerson ne suka yaɗa shi a 1985. Bayan sunaye da shekaru, ana jan layi tsakanin mutane don nuna wa ke shiri da wa, wa ya yanke hulɗa da wa, wa ke manne da wa har ba ya iya numfashi. Ari wannan zane. Za ka ga abin da likitan ƙwaƙwalwa Murray Bowen ya lura da shi, cewa idan zama ya yi tsami tsakanin mutum biyu sukan jawo na uku ya ɗauki nauyin. Miji da matar da suka daina hira da juna sukan yi hirar ta kan ɗansu. To idan ɗan nan shi ne ya zo da labarin da ba a so, ginshiƙin da auren ya jingina a kai ne ya motsa.

Ka kuma nemo tsohon sirrin gidan. Babu gidan da ya fara ɓoyo yau. Ƙila akwai kawun da ya tafi ba a ƙara ambaton sunansa ba, ko cikin da aka rufe, ko dukiyar da aka ci. Yadda suka bi da wancan shi zai nuna maka yadda za su bi da wannan, domin kowane gida yana da salon shirunsa.

Daga nan sai ka ja jadawali. A gefe ɗaya sunayen mutanen gidan, a sama babobin littafin. A kowane gurbi ka rubuta matsayin mutumin a lokacin: bai sani ba, yana zargi, ya sani, ko ya sani amma ya ƙi yarda cewa ya sani. Matsayi na huɗun nan shi ne zuciyar labarin. Uwa takan zauna a cikinsa shekaru. Ta ga yadda fuskar ɗanta ke sauyawa idan wani suna ya fito a wayarsa, ta lura bai taɓa kallon 'yan matan da ake nuna masa ba, amma ta yi wa kanta alkawari muddin ba a faɗa ba to babu shi. Labarin zuciya a tambayi fuska, ita kuwa ta daɗe da tambaya ta sami amsa.

Ƙara layi ɗaya a ƙasa: wa ya san cewa wane ya sani? Yayar da ta gano tun shekara uku da suka wuce, kuma ta fahimci mahaifiyarsu ma ta gano, tana zaune a ɗaki ɗaya da su tana kallon kowa na yi wa kowa wasan kwaikwayo. Da wannan jadawali a gabanka, zaman iyali na yau da kullum zai cika da nauyi ba tare da ka sa kowa ya ɗaga murya ba. Zai kuma hana ka kuskuren da na sha yi, na sa mutum ya yi mamakin abin da ya riga ya sani a babi na huɗu.

Iyaye: ka rubuta su kamar kai ka haifi yaron

Zauna ka rubuta wasiƙa da bakin uwar, wadda ba za ta taɓa aikawa ba, kuma ba za ta shiga littafin ba. Ka bar ta ta yi magana har ta gaji, kada ka katse ta da ra'ayinka. Da na yi wannan, sai na ga matar da na ɗauka mai ƙiyayya ce tana lissafin abubuwan da take ganin ta rasa: jikokin da ta riga ta raɗa wa suna a zuciyarta, mutuncinta a idon dangi, da tsoron kada wani ya tare ɗanta a hanya ya illata shi. Ƙarƙashin duka akwai tambayar da ke hana ta barci, wato ina ta yi kuskure a tarbiyya.

Idan iyayen masu addini ne, ka ɗauki imaninsu da muhimmanci. Uban da ya gaskata cewa ɗansa na kan hanyar halaka yana cikin azaba ta gaske, kuma tsananinsa daga ƙauna yake fitowa ko da yana yanka. Shi ma ɗan yana iya zama mai imani, yana addu'a cikin dare a cire masa abin da ke ransa. Marubucin da ya mayar da mai addini jahili ya yi ha'inci, kuma mai karatu zai gane.

Fahimtar iyaye ba ta nufin ka rage nauyin abin da suka aikata. Binciken da Caitlin Ryan ta jagoranta a jami'ar jiha ta San Francisco, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa matasa masu son jinsinsu waɗanda iyalansu suka tsananta ƙin su sun ninka takwarorinsu da ba a ƙi su sosai ba fiye da sau 8 wajen bayyana cewa sun yi yunƙurin kashe kansu. Kalmar da uba ya faɗa cikin fushi takan zauna a jikin ɗa shekara ashirin. Aikinka ka nuna duka biyun a shafi ɗaya: hannun da ya mari yaron shi ne hannun da ya riƙe shi ranar da ya fara tafiya.

Kada kuma iyayen biyu su zama baki ɗaya. Ka saɓa wa abin da ake zato idan halinsu ya ba da dama. A nawa labarin uwar ce mai kaushi, uban kuwa bai ce uffan ba tsawon babi shida, sai dai kullum da safe yana duba tayoyin motar ɗan kafin ya fita, kamar yadda ya saba.

Sauran mutanen gidan, da wanda ake so

Kowane ɗan'uwa ka tambaye shi abu biyu: me yake so wa kansa, kuma me wannan lamari zai ci masa? Wan da ya rayu a inuwar ƙanensa mai farin jini zai iya jin wani daɗi da yake kunyar amincewa da shi. Ƙanwa tana iya goyon bayan yayanta da zuciya ɗaya, kuma ta ji haushin cewa shekara guda ba wanda ya tambaye ta ya karatunta.

Idan tauraronka ya yi aure don ya ɓoye, matarsa na buƙatar babobinta. An zalunce ta, ko da wanda ya zalunce ta shi ma a matse yake. Marubucin Nijeriya Jude Dibia ya gina littafinsa na 2005 a kan magidanci mai mata da 'ya wanda asirinsa ya tonu, kuma ƙarfin irin wannan labari yana ga barin matar ta yi fushinta cikakke.

Shi kuma wanda tauraron ke so, yawanci shi ake bari fanko: kyakkyawa, mai haƙuri, yana jira. Ba shi aiki, da iyalinsa, da ranar da haƙurinsa zai ƙare. Mutumin da aka gabatar da shi a matsayin "abokina" sau hamsin yana da abin faɗa. Ka kuma nuna dalilin da ya sa waɗannan biyun suka zaɓi juna, abin da suke dariya a kai, abin da suke faɗa a kai. In ba haka ba mai karatu ba zai ga abin da ake sadaukar da gida dominsa ba.

Kalmar da kowa ke amfani da ita

Rubuta wa kowane tauraro sunan da yake kiran lamarin. Wani zai ce luwaɗi, da dukan nauyin hukuncin da ke cikin kalmar. Wani zai yi amfani da kalmar zagi. Wata za ta ce "halin nan nasa". Shi kansa ƙila ba shi da kalma, "haka nake" kawai yake cewa. Ranar da kalmar wani ta sauya, mai karatu zai san zuciyarsa ta motsa ba sai ka sanar ba. Kai mai ba da labari kuma ka kula da taka kalmar, domin ita ce ke nuna inda ka tsaya.

Mafi yawan maganar iyali a gefen batu ake yin ta. Ga yadda na sake rubuta wata haɗuwa bayan na jefar da shafi huɗu na ihu:

Tana ninke masa riguna a bakin gado, ba ta ɗago ba.

"Wannan ba taka ba ce."

"Ta abokina ce, Mama."

Ta shafa wuyan rigar, ta daidaita shi, ta ninke hannuwan a hankali kamar yadda take yi wa nasa. Ta ajiye ta daban, can ƙarshen gado.

"Maɓalli ɗaya ya kusa cirewa," ta ce. "Ka gaya masa."

Don gwada muryoyi, ka goge sunayen masu magana a shafi guda ka ba wani ya karanta. Idan ya kasa gane wa ke magana, duk da bakinka suke yi.

Ranar da aka faɗa, da abin da ya biyo baya

Sababbin marubuta sukan ajiye tonuwar asiri sai babin ƙarshe. A labarin iyali na fi son ta zo kafin tsakiya, domin abin da ake son gani shi ne washegari, da watan da ya biyo, da taron dangi na farko bayan nan. Kuma faɗar ba sau ɗaya ake yin ta ba. Yana gaya wa yayarsa ta wata hanya, mahaifinsa ya ji a bakin wani, kakarsa ƙila har ta rasu ba a gaya mata ba.

Ga kowane tauraro ka rubuta inda ya fara, inda ya ƙare, da abubuwa biyu ko uku da suka tura shi. Mutane ba sa sauyawa da jawabi. Rashin lafiya, haihuwa, rasuwa, ko wata ƙaramar alfarma da ba a zata ba, su ke motsa su, kuma sukan yi gaba su dawo baya. Wani ba zai sauya ba har abada, ka bar shi haka. Ana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma akwai gidajen da suka yanke, akwai waɗanda suka riƙe, akwai kuma masu yawa da suka tsaya a tsakani, ana gaisawa ba a tambaya.

Ka yi hattara da kashe tauraron don ka huta. An daɗe ana rufe irin waɗannan labarai da gawa, har ya zama al'adar rubutu. Forster ya rubuta *Maurice*, labarin soyayya tsakanin maza, a 1913 zuwa 1914, ya nace sai masoyan sun ƙare tare, kuma littafin bai fito ba sai 1971, shekara guda bayan rasuwarsa. Idan mutuwa ta fito daga cikin labarinka da gaske, rubuta ta. Idan kuwa don ka rasa yadda za ka yi da shi ne, ko don ka wanke kanka a idon masu karatu, koma kan jadawalinka, akwai abin da ba ka warware ba.

Sauraro, da kare mutane

Idan rayuwar nan ba taka ba ce, ka saurari waɗanda suka yi ta, su da iyayensu, ka karanta abin da suka rubuta da hannunsu. Ka tambayi ƙananan abubuwa: yadda ake adana suna a waya, abin da ake cewa idan an tambayi yaushe za a yi aure. In ka gama, ka ba ɗaya daga cikinsu ya karanta, ka kuma ba wata uwa.

Wanda ya ba ka sirrinsa amana ya ba ka. Sauya suna kaɗai ba ya isa. Sauya aiki, da yawan 'yan'uwa, da shekaru, ka haɗa halayen mutum uku a tauraro ɗaya, har mahaifiyar mai labarin ta karanta ba ta gane shi ba. A inda doka ke hukunta wannan, sakacinka na iya kai mutum kurkuku ko ya raba shi da gidansu.

Gyaran ƙarshe shi ne ka karanta littafin sau ɗaya domin kowane babban tauraro, kana bin wuraren da ya fito kaɗai, kamar shi ne mai labarin. A karatun uwar ne na ga ta ɓace tsawon babi biyar bayan ɗanta ya bar gida, kamar ta daina rayuwa da ya fita. Na koma na rubuta mata waɗannan makonni: tana shiga ɗakinsa da sunan shara, tana kiran lambarsa ta kashe kafin ta shiga, tana yi wa mijinta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A nan ne kuma na gano rigar nan ba ta bar gidan ba. Tana cikin akwatinta, ta ɗinke maɓallin, ba ta san ta hannun wa za ta mayar ba.